Mabuɗin Ramin Sinyo

Ƙarfe huɗu da minti goma na yamma, ranar sha bakwai ga azumin bana, mu uku ne a tsakar gida: ni, da mai ɗakina Binta, da autarmu Hadiza. Binta tana tsince wake. Ni ina kwance a kan tabarmar da na yayyafa wa ruwa, jiƙaƙƙen tawul a ƙirjina, ina jiran rana ta sauka daga kan katanga. Babu wuta tun safe. Hadiza ta matso da wayarta ta ce, "Baba, tashi ka ga masu shan daɗi."

Tseren iyo ne a wata ƙasa, ruwan shuɗi kamar an jiƙa bula. Ta nuna mini wani a tsakiyar jeri ta ce ɗan Italiya ne, ta kuma karanta mini tarihinsa: ya fara tun yana ƙarami, ya je gasar ƙasashe karon farko ya dawo ba komai, kafaɗa ta kwantar da shi, ya warke ya koma, ga shi yanzu cikin manya. Ta faɗi sunansa sau uku, harshena bai ɗauka ba.

Suka faɗa ruwa. Kafin su kai bango na ce, "Yanzu zai juya rigingine." Ya juya. Na ce, "Sai iyon kwaɗo." Ya yi. Na ce, "Saura gudu." Shi ya zo na biyu. Na sa ta mayar da hoton baya in ga hannunsa a bango lokacin da ya gama na kwaɗo. Hannu biyu ya sa. Na ce madalla.

Hadiza ta zuba mini ido. "Baba, a ina ka san wannan?"

Binta ko kai ba ta ɗaga ba. "A ina ya sani? Ai shi ya yi wannan tseren sau biyu a yini ɗaya da azumi a bakinsa, don taurin kai."

"Tambayi wayar," na ce wa Hadiza, "ko jikan Sinyo ne."

"Baba, Italiya fa ƙasa ce, ba Tudun Wada ba ce da kowa ya san kakan kowa."

Binta ta fara ba ta labarin, amma daga ƙarshe ta faro, alhali ko wurin ba ta je ba. Shi ya sa na ɗauki biro. Zan faɗe shi yadda ya faru, ɗaya bayan ɗaya.

Shekara talatin da uku ke nan. Duk mai lura da kalanda ya san azumi yakan ɗauki kimanin haka kafin ya dawo inda ya baro, don haka zafin bana shi ne zafin waccan shekara, har da ƙaurin kwaltarsa. Ina da shekara ashirin da huɗu, wata biyar da aure, ina gyaran agogo a kan ɗan tebur a bakin kasuwar Tudun Wada, inda nake har yau. A gida mu uku ne: ni, Binta, da mahaifiyata Inna. Baba ya rasu shekara biyu kafin nan.

Ga yadda yini yake tafiya. Ƙarfe huɗu da kwata Inna ta tashe mu sahur, ɗumamen tuwon dawa da miyar kuka, sai ruwa kofi bibbiyu, ba ƙari, domin randa ɗaya ce kuma Inna ta ja mata layi da gawayi. Ƙarfe shida in kai bokiti layin famfon unguwa. Bokitai ne suke layi, masu su suna inuwa. Famfon ya yi tari, ya yi atishawa, ya huro iska mai zafi, ya yi shiru, kowa ya ɗauki nasa ya tafi. Ƙarfe tara rana ta riga ta cije. Sha biyu kwalta ta yi laushi har takalmin roba yana barin sawu. A teburina man agogo da kansa yake tsinkewa ya bi yatsa. Da azahar sai mutum ya shimfiɗa hannun riga kafin ya kai goshi ƙasa. Daga nan gari ya mutu. Kaji su buɗe baki a gindin katanga, 'yan kasuwa su baje a ƙarƙashin dalbejiya kamar an shanya su. Mangwaro kuma ya nuna a daidai lokacin, ƙamshinsa yana bin mai azumi har cikin masallaci.

Shekarar tsada ce. Sukari ya zama abin kallo a kanti, madara sai labari. Kunun tsamiyarmu da mazarƙwaila muke sha, Inna ta fasa curi ɗaya gida huɗu ya yi kwana huɗu. Ƙanƙara kuwa gida ɗaya na sani mai firji, can Kwangila. Gida biyar muke haɗuwa mu tura mutum ɗaya a keke, ya naɗo ta cikin buhu da dusar katako, kafin ya iso ta koma kamar ragowar sabulun wanka. A haka za a fasa ta biyar da taɓarya, kowa ya ruga gida da rabonsa a tafin hannu yana ɗiga. Ba mu taɓa yin faɗa a kanta ba. Dariya dai muka sha yi.

Rijiyoyin unguwa bakwai ne, duk mun yashe su, ɗaya bayan ɗaya, da sassafe kafin rana ta yi ƙarfi: mutum ɗaya a ciki, huɗu suna ja, sauran suna zubar da laka. Mun fito da tsofaffin guga, da buta, da wani cokali da matar Liman ta ce nata ne tun tana amarya. Ruwa kuwa sai a wayi gari a tarar da rabin garwa.

Abin da ya riƙe mu shi ne ramin kamfani. Wani kamfanin hanya ya haƙi jar ƙasa a bayan unguwa, ta ɓangaren Gyallesu, har suka taɓo idon ruwa. Ramin ya cika. Tsawonsa taku sittin da takuna, tsakiyarsa kuma ta shanye gora biyu a haɗe. Ruwan kore-kore ne, amma in aka jefa masa alif ya kwana, ya yi wanki ya yi girki, in an tafasa ya yi sha.

Ranar huɗu ga azumi, ƙarfe bakwai da rabi na safe, ina cikin rijiyar gidan Liman ina yasa, Gwaggo Asabe mai ƙosai ta sunkuya cika tulu a bakin ramin kamfani, gaɓa ta zame da ita. Maza sun fi goma a wurin, ba wanda ya iya ruwa, salati kawai ake yi ana miƙa sanda. Baturen kamfanin ne, da ya zo duba tankar da ke ɗibar ruwan yayyafa hanya, ya faɗa da takalminsa da komai ya fito da ita. Har tulun ya koma ya ɗauko. Washegari aka kewaye ramin da waya, aka sa ƙofa, aka ɗaure da sarƙa. Yakan buɗe awa ɗaya bayan la'asar, yana tsaye a wurin da kansa.

Leburori suna ce masa Sinyo, mu ma muka bi. Ɗan Italiya ne, ya haura hamsin, gajere mai faɗin kafaɗa, wuyansa ja kamar nunannen gauta, kullum da malfa a kansa. Ranar shida ga azumi ya zo teburina tare da Iro, direban tankar, mutumin Gyallesu, sa'ana kuma abokin tsokanata. Iro ne tafinta, da Turancin da ya tsinta a gareji. Sinyo ya ajiye mini wani agogo mai maɓalli a ka, wanda ba ya faɗin lokaci, sai dai ya auna gudu. Jar ƙasa ce ta cushe shi. Ina buɗewa yana magana.

"Ya ce wai da can shi kifi ne," in ji Iro.

"Iro, faɗi abin da mutum ya ce."

"To. Ya ce da ƙuruciya ƙasarsu ta sha tura shi tseren iyo a wasu ƙasashe, irin wanda ake yin salo huɗu a jere. Wannan agogon na malaminsa ne. Fitarsa ta farko shi ya zo na ƙarshe, har an fara share wurin kafin ya iso."

"Shi ya ce an fara shara?"

"Wannan ƙarin nawa ne. Fita ta biyu ya kai zagayen ƙarshe, cikin gwanaye. Ta uku kuma..." Iro ya juya yana jira. Sinyo ya rufe baki yana kallon cikin agogon. Bai ƙara ba, ni ma ban tambaya ba.

Da agogon ya tashi, ya zaro kuɗi. Na ce ba na so, mabuɗin ƙofar ramin nake so. Sai ya gaya mana abin da ba mu sani ba: aikinsu ya ƙare a nan, ranar ashirin da ɗaya ga azumi da safe zai tashi, ƙofar za ta zauna a kulle, mabuɗin zai tafi a aljihunsa. Ba zai bar rami a buɗe a unguwar da babu mai iya fito da mutum ba. Damina kuwa ko alamarta babu.

Na ce ni na iya. Na yi shekara biyu a wajen kawunnaina a bakin kogin Galma. Da yamma na shiga na nuna masa, kai a sama, hannu da ƙafa suna dama ruwa. Ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Iro ya ce, "Ya ce akwai karen maƙwabcinsa da ya fi ka." Wannan karon na tabbata ba ƙari ba ne.

Amma ya sa sharaɗi. Ranar ashirin ga azumi in ƙetare ramin sau huɗu ba tsayawa, kowace ƙetarawa da salonta, a jere. Na farko a ɗaga hannu biyu tare a watsa su gaba, Iro ya raɗa masa malam-buɗe-littafi, wannan don ƙarfi. Na biyu rigingine, don ta haka ake ɗauko mutum a ƙirji. Na uku iyon kwaɗo, don mai ceto ya ga gabansa. Na huɗu gudu, fuska a ruwa, hannu ɗaya bayan ɗaya. A na farko da na uku dole hannu biyu su taɓa gaɓa tare. In na yi, mabuɗi nawa. In ban yi ba, unguwa ta koma layin famfo. Iro ya ce shi a ganinsa Baturen abin da ya iya ke nan kawai. Ni dai tsarin ya kwanta mini, domin abu mai na farko da na biyu ba ya ba ni tsoro.

Na je wajen Malam Liman bayan sallar la'asar na ce, "Allah gafarta Malam, mai azumi zai iya shiga ruwa?"

"Zai iya shiga ruwa, Lawal. Ruwa ne kada ya shige shi. In ya wuce maƙogwaro ba da gangan ba, ka ci gaba da kame bakinka, bayan sallah ka rama." Ya dubi ƙafafuna. "Kuma ka rufe gwiwa."

Binta ta yanke mini wani tsohon wando har ƙasan gwiwa ta sa masa sabon mazagi. Inna, wadda ba ta faɗin sunana saboda ni ne ɗan fari, ta ce, "Kai wannan, in ka nutse kada ka sake ka dawo mini gida."

Kwana goma sha uku muka yi, kullum ƙarfe biyar saura kwata zuwa biyar da kwata, masu ɗiba suna ɗiba a gefe ɗaya, ni ina shan wahala a ɗaya gefen. Ku da ba ku gwada ba, ku sani babu jarrabawar da ta kai mai ƙishi ya kwanta cikin ruwa har wuya, leɓensa ya tsage, ruwa yana shafarsa, shi kuma ya datse haƙora. Sinyo ya rasa gane kaina. Yana tsalle a gaɓa yana nuna bakinsa.

"Ya ce ka buɗe baki ka ja iska," in ji Iro. "Na ce masa sai an kira magariba."

Daga baya ya gane, ya koya mini furzar da iska ta hanci. Ya kuma daina shan ruwan gorarsa a gabanmu, ba wanda ya ce masa. Wandon dai bai taɓa yafe masa ba, ya ce kamar mutum ya shiga ruwa da buhu. Malam-buɗe-littafi ya kusa ɓalle mini kafaɗa. Amma wanda na fi tsoro rigingine ne, domin a nan ruwa yake hawa hanci, daga hanci kuma hanya ɗaya ce zuwa maƙogwaro. Kwaɗo ne wurin hutuna, kai a sama, azumi lafiya. Duk sanda na gaji, jikina da kansa yake komawa kwaɗo. Ku riƙe wannan.

Ranar ashirin ga azumi, ƙarfe biyar saura kwata, unguwa ta taru. Maza a cikin waya, tsofaffin mata a waje da tuluna, Gwaggo Asabe a gaba, Malam Liman a ƙarƙashin laima. Iska ta tsaya cik tun azahar, sama ta yi fari kamar kwano. Sinyo ya ɗaga agogon da na gyara, ya danna, na yi bisimilla na faɗa.

Na farko ya tafi daidai, sai dai ya cinye mini numfashi duka. Na taɓa gaɓa da hannu biyu na juyo. A daidai nan, kamar yadda aka gaya mini daga baya, wata 'yar guguwa ta taso daga kan sabuwar hanya ta ɗauke malfar Sinyo. Ya bi ta a guje da sanƙonsa a rana har bakin waya, jama'a suna dariya. Ni ban sani ba. Na ƙetare na biyu, na ƙetare na uku, ya dawo ya same ni a na huɗu ina gudu. Na taɓa gaɓa. Ya danna agogo, ya yi ihu da yarensu, ya zaro mabuɗi ya miƙo mini tun ina cikin ruwa. Mata suka rangaɗa guɗa. Binta ta ce har gida ta ji.

Ban miƙa hannu ba. Tun ina tsakiyar na huɗu na gane abin da na yi. Da numfashi ya ƙare mini, jikina ya tafi kwaɗo a ƙetarawa ta biyu, sai a ta uku na yi rigingine. Duka huɗun na yi, amma na uku ya riga na biyu.

A gidanmu, in yaro ya wanke ƙafa kafin ya shafi kai, Baba ba ya faɗa. Buta kawai zai sake cikawa ya ajiye masa a gaba, ya koma daga farko. Haka na tashi, ban san wata hanya ba.

Na ce, "Iro, gaya masa ban yi daidai ba."

Iro ya durƙuso, murya ƙasa-ƙasa. "Kai mai agogo, rufa mana asiri. Karɓi abin nan."

"Gaya masa."

"Turancina ya ƙare. Wallahi yanzun nan ya ƙare."

Sauran jama'a sun ga abin da na yi, amma a wajensu iyo iyo ne, ba su ga laifi ba. Na fito na tsaya gaban Sinyo ina ɗiga. Na ɗaga yatsa biyu na kwaikwayi kwaɗo. Na ɗaga uku na kwanta baya. Sannan na harɗe hannuwana. Ya dube ni, ya dubi mabuɗin, fuskarsa ta sauya. Da ya fara magana a hankali ya yi ta, har Iro ya manta Turancinsa ya ƙare.

"Ya ce fitarsa ta uku ce wadda bai faɗa maka ba. Ya zo na uku a gaban duniya, har ya ga tutarsu ana shirin ɗagawa. Sai alƙali ya ce a iyon kwaɗo hannu ɗaya ya sa a bango, aka soke shi. Ya yi rantsuwa, ya yi faɗa, ya koma gida yana cewa an zalunce shi. Daga nan bai sake fita ba, ya koma karatun hanya. Shekara kusan talatin yana faɗa wa kowa an zalunce shi, har matarsa." Iro ya zo zai haɗiye yawu, ya tuna da azumi, ya tofar. "Ya ce hannu ɗaya ya sa. Ya sani tun ranar. Yau ya fara faɗa."

Na ɗauka zai ba ni mabuɗin saboda wannan. Sai ya mayar da shi aljihu, ya mayar da allurar agogo kan sifiri, ya nuna mini bakin ramin.

Wurin ya kaure. Gwaggo Asabe ta kama waya tana jijjigawa. "Lawal, Allah ya shirye ka! Mu ruwa muka zo nema, wa ya aike ka lissafi?" Wani ya ce a bari sai gobe, aka tuna masa gobe Bature ya tafi. Malam Liman bai goyi bayan kowa ba. Rana kawai ya duba ya ce, "Ka huta minti goma sha biyar, Lawal. Akwai sauran yini."

Na kwanta a inuwar tanka. Cikina ya manne da baya, harshena kamar guntun fata. Iro yana yi mini fifita da malfar Sinyo yana zagina a hankali, har kakannina na Galma bai bari ba.

Ƙarfe biyar da minti ashirin da biyar na sake faɗawa. Malam-buɗe-littafi na biyun nan, littafin da ƙyar yake buɗuwa. Na taɓa da hannu biyu. Jikina ya ce kwaɗo, na ce masa ƙarya kake, na juya rigingine. Ina kallon sama, shaho ɗaya yana shawagi, kunnuwana a ruwa ba na jin kowa. A tsakiyar ramin ƙafata ta yi nauyi, kaina ya nutsa, ruwa ya hau hanci. Na ji shi sarai yana gangarawa, sanyi, har ƙirji. Ban taɓa jin abu mai daɗi da ɓacin rai a lokaci ɗaya kamar wannan kurɓin ba. Na ce to, azumi ya tafi, kada mabuɗi ya bi shi. Na ƙarasa. Na yi kwaɗo a wurinsa, na kai hannu biyu na dafa gaɓa har sai da na ga Sinyo ya gyaɗa kai. Na huɗu ban san yadda na yi shi ba. Na dai ji ƙasa a yatsuna da ihun mutane.

Na kasa fitowa. Iro ya miƙo hannu ya ja ni, santsi ya kwashe shi ya faɗo kaina, ya shiga kururuwa yana cewa a gaya wa matarsa ta yafe masa, alhali ruwan wurin iyakarsa ƙirji. Na tallabe shi rigingine yadda aka koya mini na kai shi gaɓa. Shi ne mutum na farko da na ceta, kuma har gobe bai gode ba.

Sinyo ya sa mini mabuɗin a tafin hannu ya rufe da nasa hannun. Ya ƙara sharaɗi ɗaya: kada unguwa ta zauna da mai iyo guda, in koya wa wasu kafin in tsufa. Na ce na ɗauka. Sannan na je gaban Liman na ce, "Allah gafarta Malam, ya wuce."

"Da yawa?"

"Kurɓi ɗaya."

"Da daɗi?"

"Ƙwarai."

Ya yi dariya har laimarsa ta karkace. "Ka kame har magariba. Bayan sallah ka rama, ni ma zan taya ka."

Haka aka yi. Kwana uku bayan sallah maza goma sha ɗaya suka tashi da azumi tare da ni. Iro ya fi kowa rantsuwa zai yi, aka gan shi da azahar da man ƙosai a leɓe, ya ce Gwaggo Asabe ce ta matsa masa.

Tun da na karɓi mabuɗin nakan buɗe ƙofa shida zuwa takwas na safe, da huɗu da rabi zuwa shida na yamma, ina tsaye da wandona. Ba gidan da ya kwana ba ruwan girki. Ba wanda ya faɗa sai tunkiya ɗaya, ita ma na fito da ita. Ranar tara ga watan sallah, ƙarfe uku da rabi, gabas ta yi baƙi, iska ta kwashe rumfunan kasuwa, aka tsuge da ruwa. Ƙamshin ƙasa ya tashi har mutum ya ji kamar ya ɗiba ya ci. Inna ta fitar da duk abin da ke da baki a gidan, har turmi, ta tara a bakin indararo. Da hannunta ta goge layin gawayin randa.

Yanzu an cike ramin, shaguna ne a kansa. Akwai rijiyar burtsatse a kowane layi, ruwan leda mai sanyi kuma har ƙofar gida. Sinyo ban sake jin labarinsa ba. Iro ya zama Alhaji, yana gaya wa jikokinsa shi ya koya mini iyo. Mabuɗin yana cikin akwatin kayan aikina, ba ya buɗe komai.

Alkawarin ne bai cika ba. Mutum biyu na koya wa. Ɗaya ya rasu, Allah ya jiƙansa, ɗayan yana Fatakwal. An koma mutum guda, shi ma gwiwarsa tana ƙara in zai tashi daga sujada. Ga shi masu buga bulo sun haƙa sabon rami a bayan sababbin gidaje, na je na auna, taku arba'in ne, ba waya ba ƙofa, ruwan farko zai cika shi.

Don haka, mai karatu, in kai ɗan Tudun Wada ne ko Gyallesu, ina neman mutum huɗu, baligai masu jin magana. Ka zo bakin kasuwa ka tambayi teburin Lawal mai agogo, Asabar ta farko bayan sallah. Za mu tafi Galma, na san inda ruwa bai wuce ƙirji ba. Ka taho da wando mai rufe gwiwa. Ƙarfe huɗu da rabi na ce, ba biyar saura ba, kuma da na farko za mu fara.